Yadda Ake Bi Daga Bizar Karatu Zuwa Zaman Dindindin a Kanada

Duk wanda ke son zuwa Kanada karatu da niyyar daga baya ya samu takardar zaman dindindin, ya kamata ya fara lissafinsa tun kafin ya cika fom ɗin wata makaranta, domin mafi yawan waɗanda hanyar ke toshe musu, tun wurin zaɓen makaranta da kwas suka yi kuskuren. Izinin karatu ba ya ɗauke da alkawarin zama. Abin da yake bayarwa shi ne damar neman izinin aiki na bayan kammala karatu, wanda ake kira PGWP, kuma wannan izinin ne gadar da ake bi zuwa zaman dindindin.

Da farko a tabbatar makarantar tana cikin jerin waɗanda gwamnati ta amince su karɓi ɗaliban ƙetare, sannan a duba ko kwas ɗin kansa yana ba da damar samun PGWP, domin ba kowace makaranta da ke jerin ba ce ke bayarwa. Tun watan Mayun 2024 aka cire kwasa-kwasan da kwalejoji masu zaman kansu ke koyarwa da lasisin kwalejojin gwamnati daga cikin waɗanda ke ba da damar samun PGWP. Daga 1 ga Nuwamban 2024 kuma, wanda ya yi difloma a kwaleji sai fanninsa ya kasance cikin waɗanda ƙasar ke ƙarancin ma'aikata, kamar kiwon lafiya da sana'o'in hannu, yayin da masu digiri ba su da wannan sharaɗin. Kwas ɗin da bai kai wata takwas ba, ba ya ba da izinin aiki ko kaɗan. Na shekara biyu ko fiye yana iya ba da izinin shekara uku, haka ma digiri na biyu ko da bai kai shekara biyu ba. A ganina, wanda ke da halin yin digiri na biyu a jami'ar gwamnati ya fi samun hanya mai sauƙi, ko da kuɗin makarantar ya fi tsada.

Maganar kuɗi ta yi nauyi sosai. A ranar 1 ga Janairun 2024 aka ɗaga kuɗin guzurin da ɗalibi zai nuna daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin makaranta da na jirgi, kuma an sake ƙara shi daga baya. A watan Janairun 2024 ɗin ne ministan shige da fice na lokacin, Marc Miller, ya sanar da ƙayyade yawan izinin karatu, abin da ya sa yawancin masu nema sai sun haɗa da takardar shaida daga lardin da makarantar take. Jami'in biza yana duba asalin kuɗin da tarihin asusun, saboda haka kuɗin aro da aka zuba a banki mako guda kafin nema ya fi jawo zargi. Takardar bogi kuwa, ko da wani dillali ne ya haɗa ta ba da sanin mai nema ba, tana iya jawo haramcin shiga ƙasar na shekara biyar.

Idan an isa, a riƙe matsayin cikakken ɗalibi a kowane zango, kada kuma a wuce awa 24 na aiki a wajen makaranta a mako lokacin da ake karatu. Bayan fitowar sakamako, ana da kwana 180 a nemi PGWP, tare da shaidar jarrabawar harshe. Sau ɗaya ake bayar da shi a rayuwa, kuma ba ya wuce wa'adin fasfo, don haka a sabunta fasfo da wuri.

Daga nan sai a nemi aikin ƙwararru, domin shirin masu gogewar aiki a Kanada yana buƙatar shekara ɗaya cur, wato awa 1,560, cikin shekaru uku kafin nema, kuma aikin da aka yi lokacin karatu ba ya shiga lissafi. Cika wannan sharaɗi shi ke ba mutum damar shiga tsarin Express Entry da aka fara a 2015, inda ake jera masu nema bisa maki 1,200, a gayyaci waɗanda suka fi yawa. Makin shekaru yana fara raguwa da zarar an kai talatin, saboda haka jinkiri yana da farashi. Wanda makinsa ya gaza sai ya duba shirye-shiryen larduna, domin amincewar lardi tana ƙara maki 600. Tun 2023 kuma ana ware wa masu jin Faransanci gayyata ta musamman, wadda makin shigarta kan yi ƙasa, abin da ke ba ɗaliban Nijar da Kamaru da Chadi fifiko, muddin sun zauna jarrabawar ƙwarewa a Faransanci ta TEF ko TCF kuma suna da niyyar zama a wajen lardin Kebek, wanda ke da nasa tsarin daban.