Karanta Tarihin Yaƙin Dawaki: Inda Masu Farawa Suke Tuntuɓe

An yaba maka wani masanin tarihin yaƙi, an ce babu kamarsa wajen bayanin karon dawaki. Ka duba, ka tarar yana da littattafai fiye da goma. Da wanne za ka fara? Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Su ɗauki wanda bai dace da su ba, su yi shafi hamsin, su ajiye, su ce marubucin ba shi da armashi. Alhali ƙofar da suka bi ce ba ta baƙo ba.

Abin da aka fi yi shi ne neman littafin da ya fara wallafawa, wai don a bi shi daki-daki. Sai dai littafin farko na masani sau da yawa daga kundin digirinsa yake fitowa. Malaman da za su jarraba shi ya rubuta wa, ba kai ba, don haka kowane shafi cike yake da muhawara da wasu masana da ba ka taɓa jin sunansu ba. Ga shi kuma bayan shekara ashirin yana iya sauya ra'ayi a kan abin da ya kafe a kai yana matashi. Kafin ka sayi kowanne, karanta gabatarwarsa, ka duba ko akwai sabon bugu da aka yi wa gyara. A gabatarwa marubuci yakan faɗi wa yake rubuta wa, da abin da yake zaton ka riga ka sani.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne ɗaukar juzu'i na ɗaya na babban aiki. Ni ma na taɓa faɗawa ciki, na sayi tsibi guda, ƙura ta rufe rabinsa. Dubi tarihin sojan dokin Birtaniya da Markwis na Anglesey ya rubuta: juzu'i takwas ne, sun fito tsakanin 1973 da 1997, sun ɗauko daga 1816 zuwa 1919. Wanda Balaklaba, wani faɗa a yaƙin Kirimiya, ce ta ja hankalinsa ba zai same ta a juzu'i na farko ba, domin ya tsaya ne a 1850. Tana cikin na biyu. Irin wannan aiki rumbu ne, ana buɗewa a ɗebi abin da ake bukata. Je kai tsaye zamanin da ya kira ka.

To amma kiran nan ma yana da tarko, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Yawancinmu sunan wata shahararriyar sukuwa ne ya jawo mu, kuma shahara ba ta bin nasara. A Balaklaba, ranar 25 ga Oktoba 1854, mahayan Birtaniya kusan 670 ƙarƙashin kwamandansu Cardigan suka miƙe cikin kwari, igwogin Rasha a gabansu da gefe biyu, aka kashe sama da ɗari daga cikinsu, dawaki kuwa ɗaruruwa. Wannan kowa ya ji shi. Amma da safiyar ranar nan, birged ɗin manyan dawaki ta Janar Scarlett ta yi karo da mahayan Rasha da suka fi ta yawa nesa ba kusa ba, ta kuma kore su. Mutum nawa ne suka san wannan? Idan ka fara da littafin da ya tsaya kan masifar kawai, za ka tashi da tunanin cewa sojan doki taron masu ganganci ne. Haka labarin da ya yaɗu cewa mahayan Polan sun far wa tankokin Jamus da mashi a hannu a 1939. Abin da ya faru a Krojanty ranar 1 ga Satumba shi ne sun afka wa sojan ƙafa da suka samu a fili, suka tarwatsa su, sannan motoci masu sulke suka ɓullo suka buɗe musu wuta. Farfaganda ce ta mai da shi karo da tanka. Don haka, cikin littattafan marubucinka, nemi wanda ya ba da labarin yini guda ko kamfe guda ɗungurungum, da sojan ƙafa da 'yan atilare a ciki. Doki ba ya yaƙi shi kaɗai.

Watalu, inda aka yi galaba a kan Napoliyon, ta isa misali. Da yammacin 18 ga Yuni 1815, Mashal Ney na Faransa ya tura dubban mahaya, sau da dama, kan tudun da Wellington, kwamandan Birtaniya, yake riƙe da shi. Sojan ƙafar Wellington suka ja sahu mai kusurwa huɗu, na gaba a durƙushe, banati a miƙe kamar ƙayar bushiya. Doki dabba ce mai hankali, ba zai jefa ƙirjinsa kan katangar ƙarfe ba. Sai ya kauce. Mahayan suka yi ta kewaya sahun ana harbinsu, babu isasshen sojan ƙafa ko igwa a bayansu da za su fasa shi. Wanda bai fahimci yadda waɗannan ɓangarori uku suke dogara da juna ba, duk littafin da ya karanta a kan zamanin Napoliyon zai zame masa jerin sunayen janar-janar.

Sai taswira. Kada ka fara da littafin da ba shi da taswira mai kyau, komai daɗin alƙalamin mai shi, kuma kada ka tsallake ta idan akwai. Duk rikicin Balaklaba a tudu da kwari yake. Raglan, babban kwamandan Birtaniya, yana kan tsauni, yana hangen Rashawa suna shirin janye igwogin da suka ƙwace a kan wani tudu, ya aika a hana su. Lucan, shugaban sojan dokin, yana ƙasa, tudun ya kare masa waɗannan igwogi, waɗanda aka nufa daga baya su ne na can ƙarshen kwarin. Kyaftin Nolan da ya kawo takardar yana cikin waɗanda aka fara kashewa. Da taswira a gabanka, minti biyu ya isa ka gane wannan. Ba tare da ita ba, sai ka karanta shafi talatin kana lalube. A Omdurman ta Sudan ma, a 1898, wani kwarin rafi da ba a hango ba ne ya ɓoye mayaƙa masu yawa, 'yan mashin Birtaniya, da Winston Churchill a cikinsu, suka faɗa ciki a guje.

Kalmomin aikin kuwa ba su da wuya, rabin awa ya ishe ka. San cewa sikwadiron ya fi rejimanti ƙanƙanta, rejimanti kuma a cikin birged take. San bambancin manyan dawaki masu karo, waɗanda wasunsu ke sa sulken ƙirji, da ƙananan dawaki irin su husar masu leƙen asiri da sintiri, da dragun waɗanda asalinsu sojan ƙafa ne da ke hawa don su isa wuri da sauri. Rubuta su a takarda ka saƙala cikin littafin.

Akwai babin da kusan kowa yake tsallakewa, kuma ni a ganina shi ne zuciyar lamarin: babin harawa, hatsi, ruwa, takalmin kofato da ciwon baya. Dokin da ke aiki yana shan lita 20 zuwa 40 na ruwa a yini, a zafi ma ya zarce haka. Mahayan Ostareliya da suka yi sukuwa kan Biyasheba ranar 31 ga Oktoba 1917, banati a hannu don ba su da takubba, rijiyoyin garin suke nema kafin a fasa su. Napoliyon ya bar yawancin dawakinsa a Rasha a 1812; shekarar da ta biyo ya ci nasara a Lutzen da Bautzen, amma babu isassun mahayan da za su bi abokan gaba su gama da su, kamar yadda Murat, kwamandan dawakinsa, ya yi bayan yaƙin Jena a 1806. Idan marubucinka yana da littafi a kan yadda ake saye da ciyarwa da horar da dawakin soja, sa shi na biyu a jerinka, ko da sunansa bai burge ka ba.

Kada kuma ka riƙa tsalle daga zamani zuwa zamani tun ba ka zauna a ɗaya ba. A Karhe, shekara ta 53 kafin Miladiyya, maharba a kan doki ne suka gama da rundunar Rumawa ta Crassus, suna harbi suna ja da baya, raƙuma na kawo musu kibau. Wannan sana'a dabam ce da ta mahaya kusan 18,000 da suka gangaro tare da Sarki Sobieski na Polan a Biyana ta Ostiriya a 1683. Sunan ne ɗaya, dokin ma ba iri ɗaya ba ne.

Ga yadda nake yi yanzu idan na samu sabon marubuci. In zaɓi littafinsa mafi gajarta da ya tsaya kan faɗa guda wanda na ɗan san labarinsa, in tabbata bugun ƙarshe ne. In buɗe bayan littafin in ga inda ya samo bayanansa: idan duk daga wasiƙun ɓangare ɗaya ne, to na san rabin magana zan ji, domin kowane hafsa da ya tsira yakan rubuta cewa rejimantinsa ce ta ceci ranar. Idan na gama, in nemi wani masani daga ɗaya ɓangaren, Bafaranshe idan na farkon ɗan Ingila ne, in sake karanta faɗan nan a wurinsa. Bayan haka ne nake komawa kan manyan juzu'an na farkon, in fara da wanda faɗan da na riga na sani yake cikinsa.