Kurakuran masu komawa gudu bayan doguwar jinya

Na gaji da ganin abu ɗaya a filin wasa na Agege: mutum ya tashi daga jinya, wando na zame masa saboda rama, amma ya zo zai fanshe gudun wata biyu a sati guda. Ni ma na yi, shi ya sa bakina ya ƙi shiru.

Taifod ce ta kwantar da ni sati uku. Kwana goma da sallamata na ɗaura takalmi, wai kada gudun fanfalaki na Legas na watan Fabrairu ya wuce ni, wanda a lokacin ake tashi daga Surulere a hau gadar Third Mainland. A zagaye na shida idona ya yi duhu, sai farfaɗowa na yi na ga mai shayi yana yayyafa mini ruwan leda. Kwanciya tana cinye tsoka, zazzaɓi mai tsanani, musamman na cizon sauro, yana rage jini, sai zuciya ta riƙa wahala a kan tafiyar da a da ba ta ɗauke ta komai ba. Kai ne kaɗai ke tuna tsohon saurinka, jiki ya manta.

Yanzu ga yadda nake yi. Sai na gwada yawan jini, likita ya ce bismilla. Sati biyu tafiya kawai, sannan gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, kwana uku a sati. Kullum da asuba kafin in sauko daga gado nakan ƙirga bugun zuciya na minti guda. In ya haura na kullum da goma, ranar ba fita.

Kuskure na biyu ya fi ƙona mini rai, don babu wanda ya gaya mini. Ciprofloxacin, da ake yawan bai wa masu taifod, yana iya raunana jijiyar agara, wadda ke bayan dunduniya, har ta tsinke, kuma haɗarin kan kai watanni bayan an gama shan maganin. Ni da na ji agarata tana tsami sai na ce takalmi ne, na saya sabo, na tafi hawan gadar Lekki zuwa Ikoyi. Wata biyu ina ɗingishi, ko tsugunnon alwala sai da dabara. Haba ɗan'uwa, wa ke korarka? Duba kwalin maganin da ka sha. In shi ne, ka tambayi likita yaushe za ka fara, kuma da agara ta yi ciwo ka tsaya cak, ban da tsalle, ban da hawan tudu.

Sauran ƙanana ne. Kar ka fita da rana tsaka, gumin Legas ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki. Kar ka haɗiyi diclofenac don ka danne ciwo ka yi gudu, ƙoda ce ke biya. Ramuwar azumi da komawa gudu a raba musu sati. Ka bar bin sawun samarin nan da ba su yi jinyar tare da kai ba.

Ciwon ƙirji kuwa, ko jiri, ko faɗuwar gaba ba dalili, ko numfashi ya ƙi dawowa bayan ka tsaya, wannan ba na hutun kwana biyu ba ne. Tari Keke Napep ka wuce asibiti da kayan gudun a jikinka.