Yadda na gyara ruwan zinaren da yake komawa shuɗi

Mako uku ina fama a ɗakin gwajinmu a Kumasi. Ƙwayoyin zinare nake haɗawa, masu girman nanomita 13 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), don na'urar gano ƙwayar cuta da haske. Kamata ya yi ruwan ya fito ja kamar sobolo, ya fi shan haske mai tsawon zangon nanomita 520. Nawa kullum sai ya koma shuɗi, alamar ƙwayoyin sun dunƙule.

Na zargi sitiret, sinadarin da ke mayar da gishirin zinare ƙwayoyi, na sayo sabo. Na ƙara wuta. Duk a banza.

Ashe matsalar daga kwalba ce da sandar juyawa. Wankin sabulu ba ya fitar da ragowar zinare, ita ke ɓata sabon haɗi. Na jiƙa su minti 30 a haɗin asid, haidirokulorik kashi 3, naitirik kashi 1, cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau. Na ɗauraye da tataccen ruwa sau biyar. Sannan na tafasa mililita 100 na gishirin zinare mai ƙarfin milimola 1 a kowace lita, na zuba mililita 10 na sitiret mai milimola 38.8 a kowace lita, a lokaci guda, ina juyawa da ƙarfi. Minti 15, ja zur.

Alhamdu lillahi, na gode wa Malama da ta ce in duba kwalbar.