Sabuwar tayar tsere: kurakuran da ke rage mata kwana

Masu tseren mota na sha'awa a Amurka, irin waɗanda ke kai motarsu Mazda Miata filin tsere ranar Asabar su koma wurin aiki ranar Litinin, suna kiran sabuwar taya "mai sitika", saboda takardar kamfani na manne a jikinta. Tayoyi huɗu irin su Hoosier R7 ko Toyo Proxes RR ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma sai ka ga mutum ya cuce su tun a minti goma na farko.

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne a ɗaura taya, a shiga fili, a take totur har ƙasa. Robar tayar tsere ba ta gama nuna ba lokacin da ta baro masana'anta. Zafin farko da ta sha yakan tsinka raunanan ɗaure-ɗauren da ke cikin robar, in aka bar ta ta huce ta huta sai su sake haɗuwa da ƙarfi. Wanda ya azabtar da ita tun zagayen farko zai ga fuskarta ta yi gurje-gurje kamar an goga ta a magogin kuɓewa, kuma riƙonta zai faɗi da wuri.

Gyaran yana son haƙuri. Ka yi minti 10 zuwa 15 kana zagaye, kowane zagaye ya ɗan fi na baya sauri, ba zamiya a kwana, ba burkin da zai kulle ƙafa, sai a na ƙarshe ka kusanci cikakken gudu. Daga nan ka shigo, ka kwance tayoyin ko ka ɗaga motar a jak, ka bar su aƙalla awa 24. Nan ne mutane ke faɗuwa: sun biya kuɗin fili na yini guda, ga taya ta yi ɗumi tana kama kwalta, wa zai ajiye ta? Shi ya sa masu wayo ke zuwa da tsofaffin tayoyi su ƙarasa yinin da su. Wasu dillalai, kamar Tire Rack, sukan yi maka wannan ɗumamawar ta farko a kan na'ura kafin su aiko da tayar. Gaskiya ne cewa taya mai sitika takan fi sauri a fitarta ta farko, don haka mai neman layin gaba wurin tashin gasa yana iya cinye ta da gangan. Shi ya san abin da ya saya da kuɗinsa. Kai da ke son taya ta kai ka ƙarshen kakar tsere, hanyarka daban.

Sai batun iska. Da yawa sukan bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar mota, alhali wannan na titi ne. A fili, iskar taya mai zafi ake lissafi da ita, domin tana hawa kusan psi 1 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne) duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salsiyos. Ka nemi adadin da kamfanin tayar ya bayar, ka fara ƙasa da shi, ka sa geji da zarar ka tsaya, kafin ma ka cire hular kwano. In kana da ma'aunin zafi mai allura, soka shi wuri uku: gefen ciki, tsakiya, gefen waje. Tsakiya ta fi zafi, iska ta yi yawa. Gefuna biyu sun fi ta, iska ta yi kaɗan. Iskar kwamfaresa mai danshi kuwa takan sa lissafin ya rikice, shi ne dalilin da wasu ke zuba naitirojin.

Akwai wani ƙaramin abu da ake rainawa: sabulun da mai faci ke shafawa lokacin ɗaura taya. In ya yi yawa, taya mai riƙo takan juya a kan rim idan an taka burki, balansi ya tafi, sitiyari ya fara karkarwa. Ka ja layin alli daga roba zuwa rim daidai bakin bawul. Bayan fita ɗaya ka duba. In layin ya rabu biyu, ka san ta zame. Ka sake duba notunan ƙafa ma bayan sun huce.

Taya mai zurfin zane, kamar Toyo RA1, akan aske zanenta zuwa kamar milimita 3 don busasshen fili, saboda dogon zane yana rawa ya tara zafi har ya ɓantale. Wanda ke tsammanin ruwan sama kada ya aske.

Man tausasa roba da ake shafawa a ɓoye, yawancin gasanni sun haramta shi, ka karanta dokar gasarku.

Kafin ka biya, duba lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a gefen tayar: 2323 na nufin mako na 23 na shekarar 2023. "Sabuwa" da ta shekara uku a sito ta riga ta fara taurara. A gida kuma ka sa kowace a baƙar leda, ka ɗaure, ka ajiye nesa da rana da injin lantarki da sanyin ƙanƙara, wanda ke tsaga irin wannan roba. Da alli ka rubuta a jikinta ƙafar da ta fito da adadin fitar da ta yi.