Garantin mota a Amurka: kayan gyara ba sa kashe shi, rashin rasit ne matsala

Duk sabon zuwan da ya sayi mota a Amurka sai an tsorata shi da maganar garanti. A ce masa in ya kai motar wani gareji daban, ko ya sa filta ko birkin da ba na kamfanin motar ba, garanti ya tashi. Sai ya tsure, ya dinga kai wa dila kuɗin da ko rabinsu ba zai biya a waje ba.

Doka ba ta ce haka ba. Tun 1975 akwai dokar tarayya mai suna Magnuson-Moss, hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ke sa ido a kanta. Ta hana kamfani ya ce sai da kayansa ko a garejinsa za ka yi gyara kafin ya cika alkawarin garanti, sai fa in kyauta zai yi maka. In sun ce kayan da ka saka ne suka jawo ɓarna, su ne za su nuna hakan, kuma gyaran wannan ɓarnar kawai za su ƙi. Don ka sa batirin wani kamfani, ba za a ƙi gyara maka giya ba.

Wannan mai sauƙi ne. Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne takarda.

Alhamdu lillahi muna da kanikawa masu hannu a cikinmu, kuma ba sa tsauwala wa ɗan uwa. Amma juyen baƙin man da aka yi maka a bayan gida, ka miƙa kuɗi a hannu, aka rabu da "Allah ya saka da alheri", a wajen kamfani ba a yi shi ba. Akwai wani yaronmu da injinsa ya buga alhali garantinsa bai ƙare ba. Dila ya ce ya kawo shaidar yana canza baƙin mai a kan lokaci. Yana canzawa kuwa, mun sani, amma ko rasit ɗaya babu. Rantsuwa ba ta aiki a wannan tebur. Haka ya shiga cin bashi.

Don haka, ɗan uwa, kowane juye ka karɓi rasit mai kwanan wata, da mil nawa motar ta yi, da irin man da aka zuba. In littafin motar ya ce 0W-20, kar wani ya ce maka duk mai mai ne. In da hannunka ka yi, ka ajiye rasit ɗin shagon da ka sayi man da filta, ka ɗauki hotonsa a waya, domin rubutunsa gogewa yake yi.

Kuma ka fara tabbatar kana da garantin ma tukuna. Na sabuwar Toyota ko Honda shekara 3 ne ko mil 36,000, na inji da giya shekara 5 ko mil 60,000, duk wanda ya riga cika. Garantin inji da giya na shekara 10 da Hyundai da Kia ke bayarwa na wanda ya fara sayen motar ne. Motar da dila ya manna wa "As Is" (wato "yadda take") a gilashi ba ta da garantin dilan, ta gwanjo mai takardar "salvage" (shaidar ta taɓa mummunar lalacewa) kuwa yawanci kamfani ya zare hannunsa daga ita. Ƙarin garantin da ake tallata maka ranar saye kwangila ce daban mai nata sharuɗɗa, kuma da yawa ba sa biyan gyaran motar da ake Uber da ita. Ka tambayi wannan kafin ka sa hannu.