Kurakuran da masu haya ke yi a Ingila idan kamfanin fakin ya manna musu takardar tara

Mutum ya ajiye motarsa a gurbin da ke ɗauke da lambar ɗakinsa, da safe ya tarar da 'yar leda mai ruwan ɗorawa a manne a gilashi: fam 100, ko 60 idan ya biya cikin kwana 14. Laifinsa? Takardar izinin fakin ta zame daga gaban motar. Daga nan sababbin zuwa ke fara kwaɓa wa kansu.

Babban kuskure shi ne biya don tsoro. Takardar kamfani, wadda ake rubuta wa Parking Charge Notice, ba tarar hukuma ba ce. Da'awa ce kawai cewa ka karya sharaɗin da ke jikin allonsu. To amma kai ba allo ne ya ba ka wurin ba, takardar hayarka ce. Ɗauko ta ka karanta, malam! Idan ta ba ka gurbin ba tare da sharaɗin nuna wata takarda ba, manajan gida ba shi da hurumin ɗauko wani kamfani daga baya ya ƙwace abin da ka riga ka biya. A shari'ar Jopson da Homeguard ta 2016, alƙali ya ce allon kamfani ba ya shafe haƙƙin da ke cikin takardar haya, kuma tsayawa ta ɗan lokaci don sauke kaya ba fakin ba ce. Hukuncin ƙaramar kotu ne, bai ɗaure sauran alƙalai ba, amma yana da nauyi. Sai dai ka duba ko akwai sakin layin da ya bai wa manaja ikon kawo sababbin ƙa'idoji. In akwai, hujjarka ta ɗan raunana. Ni shawarata, fara da manajan a rubuce, domin shi ya ɗauko su, shi zai iya cewa su soke.

Na biyu, surutu. Mutum ya kira su a waya yana "ai ni na ajiye ta, minti biyar kawai". Wa ya tambaye ka? Wata doka ta 2012, Protection of Freedoms Act, ta ba su damar bin mai mota a Ingila da Wales ne kawai idan sun cika sharuɗɗa. Misali, idan kyamara ce ta ɗauka, dole wasiƙar ta iso cikin kwana 14. Sun makara, kai kuma da bakinka ka ce kai ne direba, ka gyara musu ɓarnarsu. Rubuta a matsayin mai motar, ka yi shiru a kan wanda ya tuƙa.

Akwai kuma masu jefa komai a shara. Wasiƙun masu karɓar bashi, da ƙarin fam 70 ɗinsu, hargagi ne. Takardar kotu kuwa ba a wasa da ita: kwana 14 gare ka ka amsa. Ka yi biris, a yanke hukunci a bayan idonka, in ba ka biya cikin wata guda ba ya zauna a sunanka shekara 6, haya da rance su yi maka wuya.

Ka sauya gida, sauya adireshin takardar motarka a DVLA, hukumar rajistar motoci. Ƙorafi ga kamfanin kada ya wuce kwana 28. In sun ƙi, sai ka ɗaukaka ƙorafin zuwa POPLA ko IAS, masu sauraron irin wannan ƙorafi, gwargwadon ƙungiyar da kamfanin yake ciki. Ɗauki hoton allon da gurbin a ranar. Wanda kuma ya ce zai ɗaure maka taya a filin gida, gaya masa an haramta wannan tun Oktoban 2012.