Kurakuran da aka fi yi wajen sabunta katin Soshiyal Sikuriti bayan samun girin kad ta aure

Duk wanda ya karɓi lambar Soshiyal Sikuriti, wato lambar shaida ta aiki da haraji, a Amurka tun yana jiran takardunsa, ko da bizar baiko ta K-1 ya shigo ko da katin izinin aiki, ya ɗauko katinsa ya duba samansa. Zai ga an buga “VALID FOR WORK ONLY WITH DHS AUTHORIZATION”, ma'ana katin ba ya aiki wajen ɗaukar ma'aikaci sai an haɗa da izinin ma'aikatar tsaron cikin gida. Ranar da aka amince maka da zama na dindindin, wannan sharaɗi ya daina hawa kanka, amma rubutun yana nan daram har sai an buga maka sabon kati.

Kuskuren farko ke nan: a karɓi girin kad, wato katin zama na dindindin, a yi walima, a bar tsohon kati a cikin durowa. Ba ya cizo sai ranar da aka samu sabon aiki. A fom ɗin I-9 na tabbatar da izinin aiki da kowane ma'aikaci ke cikawa, ba a karɓar katin soshiyal mai wannan rubutu. Mai kati marar rubutu kuwa, ya haɗa shi da lasisin tuƙi ya gama. Gaskiya ne girin kad shi kaɗai ya wadatar, kuma mai ɗaukar aiki ba shi da hurumin tilasta maka kawo wata takarda ta musamman. Amma idan girin kad ya ɓata, ko yana hannun sabuntawa, katin soshiyal mai tsabta shi ne mafitarka.

Wasu suna zaton masu girin kad na shekara 2 ba su cancanci katin soshiyal marar rubutu ba. Idan aure bai kai shekara 2 ba ranar da aka amince, girin kad mai sharaɗi ake bayarwa, sai a cika fom I-751 na cire sharaɗin cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare. Duk da haka mai shi mazaunin dindindin ne a idon doka, kuma ana ba shi katin soshiyal marar rubutu. Wanda ya zauna jiran katin shekara 10 ya yi wa kansa asara, ya kuma jefa kansa cikin wahalar zuwa ofis da katin da ya ƙare haɗe da takardar ƙarin wa'adi. A je tun kati yana sabo.

Kafin ka tashi, duba kofin takardun da kuka tura. Tun 2021 fom I-485, na neman girin kad daga cikin Amurka, yana da wurin da ake neman a aiko da katin soshiyal kai tsaye, haka ma DS-260 ga wanda aka yi wa tambayoyi a ofishin jakadanci. Idan ka amsa e a wurin, kati yakan biyo bayan girin kad ta gidan waya. Ka ba shi mako 2, ko mako 3 daga ranar sauka ga wanda ya shigo da biza. In shiru, kada ka ci gaba da leƙen akwatin wasiƙa wata da watanni. Ka kira 1-800-772-1213 ka nemi rana, don tun Janairun 2025 ofisoshin hukumar Soshiyal Sikuriti suna aiki ne da alƙawarin lokaci. Akasin wannan kuskure shi ne gaggawa. Ma'aikacin ofis yana tantance matsayinka ne ta na'urar SAVE ta hukumar shige da fice, wato USCIS, kuma in ka je washegarin amincewa, mai yiwuwa bayanin bai shiga ba, sai a tura shi tantancewa ta biyu mai cin makonni. Ka bari girin kad ya zo hannunka tukuna.

Fom ɗin da ake cikawa shi ne SS-5, shafi ɗaya, kyauta. Duk shafin intanet da ya nemi kuɗi don ya “nema maka” kati, ɗan tsakiya ne, kuma ka miƙa masa sirrinka a banza. A wannan fom mai shafi ɗaya ne akasarin tuntuɓe yake.

Inda aka tambayi ko ka taɓa samun lamba, amsar e ce, ka rubuta tsohuwar lambarka. Lamba ɗaya mutum ke da ita har ya koma ga Allah. Ba a canza ta don aure ko don girin kad, kuma duk aikin da ka yi a baya yana rubuce a ƙarƙashinta. Inda aka tambayi matsayin zama, zaɓinka shi ne “Legal Alien Allowed To Work”. Don Allah kada hannu ya kai kan akwatin ɗan ƙasar Amurka. Auren ɗan ƙasa bai mai da ke 'yar ƙasa ba, kuma da'awar zama ɗan ƙasa a takardar gwamnati na daga cikin laifuffukan da kan rushe zaman mutum gaba ɗaya. Wannan akwati ya cancanci a duba shi sau biyu kafin a sa hannu.

Sai ranar haihuwa. Mu mun saba rana, wata, shekara, su kuwa wata ke gaba. Wanda aka haifa 7 ga Maris, in ya rubuta 07/03, ya ce musu 3 ga Yuli ke nan, na'ura kuma ba za ta gane shi ba. Sunan mahaifiya ma yakan ba mutanenmu matsala. Sunanta na yanka da na mahaifinta ake so, kamar yadda yake kafin ta yi aure. Ba Hajiya ba, ba Inna ba, ba sunan alkunya da aka tashi ana ji a gida ba. Ka rubuta daidai da abin da ka ba su karon farko.

Maganar suna ita ce ta fi kowacce cin lokaci. Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar aure, Mahamadou ga wanda takardunsa na Nijar ne: a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin na'ura mutum uku. Haka Abdul Rahman a rabe da Abdulrahman a haɗe, ko sunan uba da ya zama na tsakiya a wata takarda ya koma na ƙarshe a wata. Ƙa'idar ita ce ka kwafi sunan da ke kan girin kad harafi bayan harafi. Idan girin kad ɗin ne ke da kuskure, ofishin soshiyal ba zai gyara shi ba. Fom I-90 ake turawa hukumar USCIS, kuma in kuskuren nasu ne ba a biyan kuɗi. Mai dogon suna kada ya tsorata in ya ga an datse shi a kati: kowane layi gurbi 26 ne kawai.

Matar da ta riƙe sunan mahaifinta, kamar yadda yawancin matanmu ke yi, ba ta da wani ƙarin aiki, kuma babu dokar da ta tilasta mata ɗaukar sunan miji. Wadda ta zaɓi canzawa ta tafi da takardar aure ta asali, sannan ta bi sauran takardun ɗaya bayan ɗaya: girin kad, lasisin tuƙi, wurin aiki, banki. Abin da ke jawo ciwon kai shi ne a cika takardar haraji da sabon suna alhali hukumar soshiyal tana riƙe da tsoho. Hukumar haraji ta IRS tana gwada suna da lamba, in ba su dace ba takardar ta dawo, kuɗin da ake sa ran a mayar su makale. Wanda kuma ya taɓa biyan haraji da lambar ITIN, wadda IRS ke ba marar lambar soshiyal, kafin ya samu ta soshiyal, ya daina amfani da ita, ya rubuta wa IRS su haɗe bayanansa wuri guda.

Takardun asali kawai ake karɓa, ko kofin da ita kanta hukumar da ta bayar ta buga wa hatimi. Fotokofi ba ya shiga, ko da lauya ya sa masa hannu. Ka tafi da girin kad da fasfo. In girin kad bai iso ba amma akwai tambarin I-551 na zama na dindindin a fasfonka, shi ma hujja ne. Kada ka tura girin kad ta gidan waya: doka ta ce ya kasance tare da kai, kuma in ya ɓata, maye gurbinsa ya haura dala 400. A kan kanta ma'aikaci zai duba takardun ya miƙo maka abinka, ya ba ka rasit. Ka karanta sunan da adireshin da ke jikin rasit ɗin kafin ka bar wurin, don abin da ke nan shi za a buga.

Kati yakan iso cikin mako 2. Yawancin waɗanda nasu ya ɓata a hanya, adireshi ne ya ci su: sun tashi daga gidan surukai ba su sanar ba, ko babu sunansu a jikin akwatin wasiƙa. Sauya gida yana buƙatar fom AR-11 ga USCIS cikin kwana 10. Kada kuma tsoron iyakar kati 3 a shekara da 10 a rayuwa ya hana ka zuwa, don canjin suna da cire wannan rubutu ba sa cikin lissafin.

Da ya zo, kada ka lulluɓe shi da roba mai zafi, hukumar ta hana domin tana rufe alamomin tsaronsa. Kada ka riƙa yawo da shi a walat. Idan da katin izinin aiki aka ɗauke ka, ka kai wa ofishin ma'aikata girin kad ko sabon katin su sabunta I-9 kafin wa'adin tsohon izinin ya cika. Ranar da ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, wadda ga mai auren ɗan ƙasa ana iya nemanta bayan shekara 3, za ka sake sanar da hukumar soshiyal ta gyara matsayinka a rajistarta.